BABI NA UKU: TATTARA BAYANAN JAMA'A DA MATSALAR SAKAYA SUNA A INTANET

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an kawo tarihin samuwar intanet da yadda ta rikiɗa daga hanyar sadarwar jami'o'i zuwa babbar kasuwa. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba wata da'awa guda ɗaya da kamfanonin fasahar sadarwa suka daɗe suna fakewa da ita a duk lokacin da aka tuhume su da kwasar bayanan jama'a. Da'awar ita ce, wai bayanan da suke tarawa ba su da illa ga kowa, domin kafin a sayar da su ko a miƙa su ga wani akan goge sunan mai su, a sa lamba a madadinsa. Abin da babin zai bi diddigi shi ne ko goge suna ya isa ya ɓoye mutum. Domin a kai ga haka, za a fara da fayyace ma'anar sakaya suna, a duba irin bayanan da ake tarawa da dalilin tara su, sa'an nan a kawo wasu fitattun al'amura da aka gwada wannan da'awa a aikace.

3.1 Suna da Kamanni

Akwai abubuwa uku da akan cakuɗa su a maganar yau da kullum, alhali kowanne da inda ya dosa. Sirri shi ne a san mutum amma ba a san abin da ya yi ko ya faɗa ba, kamar wasiƙar da aka liƙe a ambulan. Sakaya suna kuwa kishiyar haka ne, wato a ga aikin ko a ji maganar amma ba a san mai ita ba. Na uku shi ne sunan aro, inda mutum ke ɗaukar wani laƙabi ya riƙa amfani da shi kullum, ta yadda za a iya cewa duk waɗannan maganganu na mutum ɗaya ne ko da ba a san ko wane ne shi ba. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci ƙwarai, domin kamar yadda za a gani a gaba, mafi yawan abin da kamfanoni ke kira sakaya suna a haƙiƙa sunan aro ne, sai dai lamba ce aka ara wa mutum a maimakon laƙabi.

Sakaya suna ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, sai ta ce "wannan yaron", kuma babu wanda ke cikin gidan da zai tambaye ta wa take nufi. Misalin da ya fi kusa da batun wannan babi shi ne zambo. Makaɗin fada ba ya ambaton sunan abokin hamayyar ubangidansa. Abin da yake yi shi ne ya jero kamanninsa: gajere ne, yana da sanƙo, ya nemi sarauta bai samu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kamanni akwai mutane da yawa masu shi a garin, amma idan aka haɗa su wuri ɗaya sai su faɗa a kan mutum guda. Abin lura a nan shi ne, baƙon da ya iso garin a ranar zai ji waƙar ya tashi bai gane komai ba, ɗan gari kuwa tun kafin a kai ƙarshe ya fara dariya. Bambancinsu bai wuce cewa ɗan gari yana riƙe da wani sani na daban wanda yake gwama shi da abin da ya ji ba. A kan wannan gwami ne dukkan matsalar sakaya suna a intanet ta rataya, domin kwamfuta da yawan rumbunan bayanai sun mayar da duk mai son bincike ɗan gari.

3.2 Bayanan da Ake Tarawa da Dalilin Tara Su

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Mai amfani da Facebook ko Google ba ya biyan kamfanin ko kwabo, amma a shekarar 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kuɗin shiga kimanin dala biliyan 135, kuma kusan biliyan 132 daga ciki kuɗin talla ne. A wannan shekarar dai kamfanin Alphabet, uwar Google, ya sami kimanin dala biliyan 238 daga talla kaɗai. Abin da mai talla yake biya a nan ya bambanta da abin da yake biya a rediyo. A rediyo yana sayen lokaci ne, kowa ya ji. A intanet kuwa yana sayen damar kaiwa ga wani irin mutum ne, alal misali mace mai shekara 25 zuwa 35 da ke zaune a gari kaza wadda ta nemi kayan jarirai a makon jiya. Gwargwadon yadda kamfani ya san mutum, gwargwadon tsadar tallar da zai ɗora masa. Wannan shi ne tushen kwaɗayin bayanai.

Bayanan sun kasu zuwa waɗanda mutum ya bayar da hannunsa, kamar suna da lambar waya da hotuna, da waɗanda aka ɗauka ta hanyar lura da shi, da kuma waɗanda aka hasaso daga na biyun farko. Kashi na biyu ne ya fi yawa, kuma shi ne mai waya bai cika sanin ana ɗauka ba.

Daɗaɗɗiyar hanya ita ce ta kukis, wanda wani injiniya mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a shekarar 1994. Kukis ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin burauzar mai ziyara, domin idan ya dawo a gane shi, kamar lambar da mai gadin babura ke ba mai babur a bakin kasuwa. Manufar farko ba ta da aibi. Matsala ta taso ne da kamfanonin talla suka fara dasa nasu kukis ɗin a dubban shafukan da ba nasu ba, ta yadda lamba ɗaya ke bin mutum daga shafin labarai zuwa na asibiti zuwa na kasuwanci. Burauzar Firefox ta fara toshe irin wannan kukis kai tsaye a 2019, Safari ta kammala nata toshewar a 2020. Google ya yi alkawarin yin haka a Chrome a 2020, amma ya janye a watan Yuli na 2024.

Toshe kukis bai kashe bakin tsanya ba. A shekarar 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka ta gwada burauza fiye da 470,000, ta tarar kusan kashi 84 cikin 100 kowace tana da siffar da babu mai irinta, idan aka haɗa girman allo da agogon yanki da harshe da nau'o'in haruffan da ke cikin na'urar. Wato ana iya gane na'ura ba tare da an ajiye mata komai ba. A wayar hannu kuma akwai lambar talla da ke zuwa tare da wayar, wadda manhajoji daban-daban ke iya karantawa. Ana iya gane darajar wannan lamba daga abin da ya faru da kamfanin Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin su karanta ta a watan Afrilu na 2021: Meta ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa matakin zai jawo masa asarar kimanin dala biliyan 10 a 2022.

Sai kuma wurin da mutum yake. A watan Agusta na 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna cewa Google na ci gaba da ajiye inda mutum ya je ko da ya kashe maɓallin tarihin wurare a wayarsa, lamarin da ya kai ga kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 391.5 ga jihohi 40 na Amurka a watan Nuwamba na 2022. Har ila yau akwai bayanan bayan ambulan. Tun watan Afrilu na 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke, babu mai iya karanta su sai mai aikawa da mai karɓa. Amma kulle wasiƙa bai hana ɗan aike sanin wa ya aika wa wa, da yaushe, da sau nawa ba.

3.3 Gwajin Da'awar Goge Suna

3.3.1 Takardun Asibiti na Jihar Massachusetts

A tsakiyar shekarun 1990 hukumar inshorar lafiya ta ma'aikatan jihar Massachusetts a Amurka ta yanke shawarar ba masu bincike bayanan zuwa asibiti na ma'aikata da iyalansu, kimanin mutum 135,000. An goge suna da adireshi da lambar shaida, aka bar ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya. Gwamnan jihar na lokacin, William Weld, ya tabbatar wa jama'a cewa an kare sirrin marasa lafiya. A shekarar 1997 wata ɗalibar kwamfuta a cibiyar MIT, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge, inda gwamnan ke zaune, a kan dala 20. Rajistar na ɗauke da suna da adireshi, tare da waɗancan abubuwa uku da aka bari a takardun asibitin. Mutum shida ne a birnin suka yi tarayya da gwamnan a ranar haihuwa, uku daga cikinsu maza, kuma shi kaɗai ne ke zaune a yankinsa. Da haka ta tsamo takardun lafiyarsa ta aika masa ofis.

Ya kamata a tsaya a kan lissafin da ke ƙarƙashin wannan, domin babu siddabaru a ciki. Idan aka ɗauka mutane na rayuwa har shekara 80, kowace shekara da kwana 365, ranakun haihuwa da za a iya samu sun kai 29,200. Idan aka ninka da jinsi biyu sun zama 58,400. A ƙaddara waɗannan gurabu ne da za a zuba mutanen yanki ɗaya a ciki. Matsakaicin yankin gidan waya a Amurka bai kai mutum 10,000 ba. Ke nan gurabun sun ninka mutanen, don haka mafi yawan gurabu ko dai babu kowa a ciki ko kuma mutum ɗaya ne tal. Da Sweeney ta faɗaɗa binciken ta amfani da ƙidayar 1990, ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya ware kowannensu da waɗannan abubuwa uku. Wani masani, Philippe Golle, ya sake lissafin a 2006 ya sami kashi 63 da ƙidayar 2000. Saɓanin ba ƙarami ba ne, kuma bai dace a riƙa kawo adadin farko kaɗai ba kamar yadda aka saba yi. Amma ko da an ɗauki na ƙasan, kusan mutum biyu cikin uku ke nan.

Idan aka faɗaɗa wannan tunani, za a ga cewa duk tambayar da amsarta ke raba jama'a gida biyu daidai tana rage waɗanda ake nema da rabi. Mutanen duniya sun kai biliyan 8 a watan Nuwamba na 2022, kuma idan aka yi ta raba wannan adadi biyu, a karo na 33 an zo kan mutum ɗaya. Wayar hannu tana amsa tambayoyin da suka fi haka yawa a kan mai ita a yini guda.

A nan mai wannan bincike na ganin ya dace a yi wata 'yar tsokaci. Ba lalle ne ranar haihuwa ta yi irin wannan aiki a ƙasar Hausa ba, musamman a tsakanin manya, domin da yawa ba a rubuta ranar ba, da aka zo cika takarda sai aka sa 1 ga Janairu. Amma wannan ba kariya ba ce, tun da akwai abin da ya fi ranar haihuwa kama mutum, kamar yadda za a gani a 3.5.

3.3.2 AOL da Netflix

A farkon watan Agusta na 2006 kamfanin AOL ya saki tambayoyi kimanin miliyan 20 da mutane kusan 650,000 suka rubuta a ma'aikatar bincikensa cikin wata uku, da nufin taimaka wa masu nazari. An cire sunaye aka ba kowa lamba. Kuskuren shi ne lambar kowa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, wato sunan aro. Mutum kuwa idan yana bincike yakan nemi sunan danginsa, da shagunan unguwarsu, da ciwon da ke damunsa. Cikin 'yan kwanaki wakilan jaridar New York Times suka bi tambayoyin lamba ɗaya har ƙofar gidan wata dattijuwa, ita kuma ta tabbatar musu cewa nata ne. Kamfanin ya sauke bayanan ya ba da haƙuri, shugabar sashen fasaharsa ta ajiye aiki, aka sallami ma'aikata biyu. Sai dai magana zarar bunu ce: kafin a sauke, wasu sun riga sun kwafa sun baza.

Al'amarin Netflix ya fi wannan ban mamaki, domin abin da aka saki kamar ba shi da wani nauyi. A watan Oktoba na 2006 kamfanin ya sa gasar dala miliyan 1 ga duk wanda ya inganta hanyarsa ta hasashen fim ɗin da mai kallo zai so da kashi 10 cikin 100. Ya saki maki kimanin miliyan 100 da masu kallo kusan 480,000 suka ba finafinai fiye da 17,000, tare da ranar da aka ba da kowane maki. Masana biyu na Jami'ar Texas, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, suka nuna cewa wanda ya san makin da mutum ya ba fim takwas, ko da biyu daga ciki kuskure ne, kuma ya san ranakun da kusancin mako biyu, zai iya tsamo shi a kashi 99 cikin 100 na lokuta. Sun gwama bayanan da na shafin IMDb, inda wasu ke ba da maki da sunansu a fili. Dalilin da ya sa abin ya yiwu shi ne, kowa ya kalli finafinan da suka yi tashe, amma kowa yana da 'yan ƙalilan da kusan shi kaɗai ya kalla, kuma su ne sanƙon da ke fallasa shi. Daga nan sai sauran jerin ya buɗe, har da abin da ke nuna ra'ayin siyasa ko addini ko wani halin da mutum bai so a sani ba. An kai kamfanin ƙara a watan Disamba na 2009, ya kuma soke gasa ta biyu a watan Maris na 2010.

3.3.3 Sawun Waya

Kowace waya tana magana da turken sadarwa mafi kusa da ita, kuma kamfanin layi yana rubuta wace waya ce, a wane turke, da wane lokaci. A shekarar 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka nazarci irin waɗannan bayanai na mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, ba tare da suna ko lambar waya ba. Sun gano cewa sanin wuri huɗu da mutum ya kasance tare da sa'ar da ya kasance a can ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen. Da suka dusashe bayanan, wato suka faɗaɗa yanki suka tsawaita lokaci, kariyar da aka samu kaɗan ce, domin ƙara 'yan wurare kan mayar da abin da aka rasa. A 2015 sun maimaita gwajin da cinikin katin banki na mutum miliyan 1.1, suka sami kashi 90 da ciniki huɗu.

Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a fahimci wannan. Inda waya ke kwana shi ne gida, inda take wuni shi ne wurin aiki. Mutum nawa ne ke kwana a wannan layi kuma suke wuni a waccan makaranta? Idan aka ƙara da masallacin da wayar ke zuwa ranar Juma'a da ƙauyen da take tafiya da salla, maganar ta ƙare.

Ko bayanan da aka curo wuri ɗaya ba tare da lambar kowa ba suna iya tona asiri. A watan Nuwamba na 2017 manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa taswirar duniya mai nuna hanyoyin da masu amfani da ita ke gudu. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa a wuraren da babu kowa sai duhu, kamar hamadar Siriya da Afganistan, akwai 'yan da'irori masu haske. Sojojin ƙasashen waje ne ke zagaye sansanoninsu da gudu.

3.4 Bayanan Wanda Ba a Tambaya Ba

Hujja ta biyu da kamfanoni ke kawowa ita ce mai waya ya amince, tun da ya danna maɓallin yarda. Ko da an karɓi wannan, yardar mutum ɗaya takan buɗe ƙofar mutane da yawa. A 2014 wani malami a Jami'ar Cambridge ta Ingila, Aleksandr Kogan, ya yi wata manhajar gwajin hali a Facebook wadda mutane kimanin 270,000 suka yi amfani da ita. Tsarin Facebook na wancan lokaci ya ba manhaja damar kwasar bayanan abokan mai amfani, don haka adadin ya kai har miliyan 87 bisa ƙiyasin kamfanin da kansa, kuma bayanan suka isa hannun kamfanin Cambridge Analytica mai yi wa 'yan siyasa aiki. Asirin ya tonu a watan Maris na 2018, kamfanin ya rufe a watan Mayu, hukumar FTC ta Amurka kuma ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a watan Yuli na 2019. Jaridar Guardian ta Birtaniya ta ruwaito a 2018 cewa an ɗauki hayar wannan kamfani domin ya yi aiki a zaɓen shugaban ƙasar Nijeriya na 2015.

Irin wannan ya bayyana a Nijeriya ta wata fuska mai ciwo, wato manhajojin ba da rance. Mai neman bashi yakan ba manhaja izinin karanta lambobin da ke cikin wayarsa, idan ya makara wajen biya sai a aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Waɗannan mutane ba su ci bashi ba, ba su danna komai ba. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan haka, kuma daga ƙarshen watan Mayu na 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan waya.

3.5 Matsayin Doka da Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ɗauki darasin abubuwan da aka kawo a sama. A ƙarƙashinta, bayanan da aka musanya sunan mai su da lamba suna nan a matsayin bayanan mutum, muddin akwai hanyar da hankali zai ɗauka ta komawa gare shi. Wato doka ta daina tambayar ko an goge suna, ta koma tambayar ko za a iya gane mutum. A Nijeriya sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a watan Janairu na 2019, sa'an nan aka sa hannu a kan cikakkiyar doka a watan Yuni na 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. A watan Yuli na 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bisa zargin yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun ɗaukaka ƙarar irin waɗannan shari'o'i ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025.

Sai dai a ganin mai wannan bincike, abin da ya fi shafar sakaya suna a Nijeriya shi ne lambar waya. An fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsu a 2011, aka kawo lambar BVN ta banki a 2014, sa'an nan a watan Disamba na 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, har aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira a watan Afrilu na 2022. Dalilin da aka bayar shi ne tsaro, musamman masu garkuwa da mutane da ke neman kuɗin fansa ta waya, kuma ba dalili ne da za a yi watsi da shi ba. Amma sakamakonsa ta ɗaya fuskar shi ne lambar waya ta zama igiyar da ta ɗaure komai. Da ita ake buɗe WhatsApp, da ita da yawa ke buɗe Facebook, ita ce a asusun banki, ita ce kuma a jikin NIN. Cewa kamfani na iya amfani da wannan igiya ba zato ba ne. Lokacin da Facebook ke sayen WhatsApp a 2014 ya shaida wa Hukumar Tarayyar Turai cewa ba zai iya haɗa asusun mutum na manhajojin biyu kai tsaye ba, amma a watan Agusta na 2016 ya fara haɗa su ta lambar waya, aka ci shi tarar yuro miliyan 110 a watan Mayu na 2017.

Sweeney sai da ta nemo rajistar masu zaɓe kafin ta kai ga sunan gwamna. A 2024 gidan jaridar bincike na FIJ da ƙungiyar Paradigm Initiative sun ba da rahoton wasu shafukan intanet marasa izini da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Nijeriya, a wani wurin a kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, ɗalibar da ta buɗe shafi da sunan aro domin ta yi tambaya a kan wani ciwo da take jin kunyar faɗa a gida, ko ma'aikacin da ya fallasa almundahana a ofishinsu da laƙabi, duk da layin da aka yi wa rajista da yatsunsu suka buɗe shafin. Babi na huɗu zai duba dabarun da masu amfani da intanet ke bi domin raba sunan aro da lambar waya, da kuma iyakar abin da kowace dabara ke iya karewa.